Lambun Makaranta: Darasi Daga Kan Albasa

A shekarar 1976 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, inda aka nemi makarantu da magidanta su nome duk filin da ke kusa da su. A wannan shekara ce kuma aka kafa Jihar Neja, Minna ta zama hedkwatarta. Tun daga lokacin garin ya yi ta bunƙasa, har unguwanni irin su Kpakungu, da ke kan hanyar Bida, suka cika maƙil da gidaje. A irin wannan wuri yaro yana iya gama firamare bai taɓa shuka kome da hannunsa ba. Wannan kuwa hasara ce, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Rashin fili bai isa hujja ba. Tsire-tsire masu kai irin na albasa ba su bukatar gona, tsohon bokiti ya ishe su. Idan malami ya tsaga albasa biyu, yara za su ga ɓawo bisa ɓawo. Waɗannan gindin ganye ne da suka yi kauri, watau rumbun da tsiron ya tara abincinsa. Shi ya sa take tohowa da sauri, ba kamar ƙwayar iri ba.

Ga yadda za a yi:

1. A huda gindin bokiti domin ruwa ya riƙa tsiyayewa.
2. A cika shi da ƙasa mai yashi kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya.
3. A dasa lafiyayyar albasa a watan Nuwamba, saiwa tana ƙasa, tsinin kanta yana ɗan leƙowa.
4. A ajiye a rana, a ba ta ruwa idan ƙasa ta bushe. Yawan ruwa yana ruɓar da ita.
5. Kowace Jumma'a yara su auna tsawon lawashi da rula, su rubuta a littafi.

Sanyin hunturu yana taimaka mata ta fid da kara mai farin fure a dunƙule. Idan furen ya bushe, sai a kakkaɓe baƙin irin da ke ciki. Ta haka manoman Aliero, a Jihar Kebbi, ke samun irin da suke shukawa. Har wa yau, yaro ya koyi aikin gona da lissafi da haƙuri a cikin bokiti guda.

Makarantar da ke son furen ado tana iya dasa albasar kwaɗi, wadda ke fitowa a fadamu, ta yi farin fure mai ratsin ja da farkon damina. Amma a lura ƙwarai: kanta yana kama da na albasar miya, alhali kuwa yana da dafi mai sa amai da gudawa. Lalle ne malami ya dasa ta da kansa, nesa da kayan ci, ya kafa mata alama. Yara su wanke hannu da sabulu bayan aiki. Wanda ya ci ta bisa kuskure, a kai shi asibiti nan da nan.

Iyaye, naku aikin kaɗan ne: bokiti ɗaya da albasa ɗaya. Ku ba yaranku kafin Nuwamba ta wuce.