Darasin lafiya: yadda za mu kai mai amosanin jini wurin kallo

Darasinmu na yau ya shafi gidaje da yawa. Ranar salla ta zo, yara sun yi ado za su tafi kallo. Ko kuwa an buɗe kokowa a gari, kowa ya nufi fili. Sai a ce wa yaro mai ciwo: "Kai zauna gida, ba za ka iya ba." Ya zauna yana jin kiɗa daga nesa, ransa a ɓace. A wani gidan kuma a tafi da shi ba shiri, ya wuni a rana cikin layi, da dare a kwana gidan likita. To, yaya za mu yi ya samu kallo kamar kowa, kuma ya dawo gida lafiya? Ga bayani.

1. Mene ne amosanin jini?

Amosanin jini, wanda wasu ke kira emasi, wasu kuma sikila, ciwo ne na gado. Ba a ɗaukarsa wajen cin abinci tare ko wasa tare. Ba aikin maye ba ne, ba na iskoki ba. Yaro na gadonsa daga uwa da uba duka biyu. Idan kowanensu na ɗauke da irin ciwon a ɓoye, abin da lokotoro ke rubutawa AS, to a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 1 cikin 4 a haifi mai SS, wato mai ciwon sosai.

Jan ƙwayoyin jinin mai lafiya kewayayyu ne, masu laushi, suna rayuwa kamar kwana 120. Na mai amosanin jini suna lanƙwashewa kamar lauje, suna mutuwa cikin kwana 10 zuwa 20. Shi ya sa jininsa ke ƙaranci, yake saurin gajiya. Idan ƙwayoyin suka toshe ƙananan hanyoyin jini, sai ciwo mai tsanani ya tashi a ƙashi, ko ciki, ko ƙirji.

2. Me ke tada ciwon a wurin kallo?

Abubuwa biyar ne manya: ƙishirwa, zafin rana, sanyi, gajiya da zazzaɓi. Huɗun farko duk suna jiran mutum a wurin taro.

Mu ɗauki misalin gidan tarihi na ƙasa Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a shekarar 1959. A can yara ke ganin zakuna da kuraye da dorina, da itacen nan na Tenere da aka kawo bayan mota ta kayar da shi a 1973. Wurin na da faɗin hekta 24. Tafiyar ƙafa ce mai yawa, ranar salla kuma ƙofa cike take da jama'a. A watannin Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40.

Misali na biyu shi ne kokowar takobi, wadda aka fara a Tawa a shekarar 1975, take kewaya jihohin ƙasarmu. Mai son wurin zama sai ya yi sammako, ya daɗe zaune cikin cunkoso. Idan lokacin hunturu ne, ga ƙura, ga sanyin safe da na maraice. Fita neman ruwa ko bayan gida ma aiki ne.

3. Neman sauƙi ba bara ba ne

A shekarar 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniya kan haƙƙin naƙasassu, Nijar ta shiga cikinta a 2008. Yarjejeniyar ta haɗa da mutumin da wata tawaya mai daɗewa a jiki ke hana shi cuɗanya da jama'a kamar kowa. Sashenta na 30 ya tanadi haƙƙin shiga wuraren al'adu da wasanni da shaƙatawa. A cikin gida kuma an yi dokar kare naƙasassu a 1993, aka yi wata sabuwa a 2019.

A wasu ƙasashe abin ya zama tsari. A Disneyland, babban wurin wasan da ke kusa da Paris a Faransa, mai dogon ciwo na nuna takardar lokotoro, a ba shi kati. Da katin ake faɗa masa lokacin da zai dawo ya shiga, ya tafi ya huta maimakon tsayuwa a layi. Mu ma muna iya roƙon irin wannan a wurarenmu, domin ba ya cin ko dala.

Amma ga wahalar: amosanin jini ciwo ne da ido ba ya gani. Gurgu da kekensa kowa ya gan shi ya san lalurarsa. Mai amosanin jini kuwa yana tsaye da ƙafafunsa, ya sa rigar salla. Mai gadi zai ɗauka wayo ake so a yi masa. Laifin ba nasa ba ne, bai sani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Saboda haka mu ne za mu yi bayani, da takarda a hannu.

4. Shiri kafin ranar

Da farko mu shawarci mai ciwon. Idan babba ne, ko budurwa, ko saurayi, kada mu faɗa wa kowa ciwonsa sai da yardarsa. Sirrinsa ne.

Na biyu, mu je gidan likita da karnensa, wato ɗan littafin da ake rubuta ciwonsa da magungunansa. Mu gaya wa lokotoro inda za mu da tsawon lokacin da za mu yi. Mu roƙe shi ya rubuta ƴar takarda mai hatimi da kwanan wata, wadda ta ce wane na da ciwo mai daɗewa, ba ya jure tsayuwa da rana da ƙishirwa. Mutanen Yamai na iya zuwa cibiyar ƙasa ta masu amosanin jini.

Na uku, mu je wurin kallon kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Ranar taro ba wanda ke da lokacin sauraro. Kowane wuri da nasa tsari, matambayi kuwa ba ya ɓata. Mu yi sallama, mu gaisa sosai, sannan mu ce: "Baba, don Allah wa ke da iko da ƙofa? Muna da yaro mai lalura, muna son ganin shugaban wurin."

5. Me za mu roƙa?

Kada mu ce kawai "a taimake mu". Mu faɗi abin da muke so ɗaya bayan ɗaya:

Mutum ɗaya ya tsaya a layi ya sayi tikiti, mai ciwon ya jira a inuwa.
A bar mu mu shiga da ruwanmu da magani.
A ba shi wurin zama a inuwa, kusa da ƙofar fita da bayan gida.
Idan ya fita ya huta, a bar shi ya komo ba sabon biya.
A nuna mana inda ma'aikatan agaji suke, in akwai.

Tun da mun iya rubutu, muna iya kai wasiƙa. Ga misali:

"Zuwa ga shugaba. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka, ina son kawo ɗana kallo ranar kaza. Yana da ciwo mai daɗewa, ba ya jure tsayuwa a rana. Ga takardar lokotoro. Ina roƙon a bar shi ya jira a inuwa, a kuma bar mu mu shiga da ruwa da magani. Na gode. Ni ne wane, daga unguwa kaza."

Idan an yarda, mu roƙa a sa hannu a kan wasiƙar, mu riƙe ta ranar. Idan an ƙi, kada mu yi faɗa. Mu tambayi ranar da ba cunkoso, mu dawo. Muna kuma iya kai maganar ga ƙungiyar naƙasassu ta garinmu.

6. Guzurin tafiya

Ruwa mai tsabta mai yawa. Abinci. Maganin da lokotoro ya rubuta. Karne da takarda. Malafa ko laima don rana. Rigar sanyi ko zane don maraice. Ƴar tabarma. Kuɗin mota, ko da za a nufi gidan likita. Tun kafin mu shiga, mu san gidan likitan da ya fi kusa.

7. A wurin kallo

Mu je da safe kafin rana ta yi zafi. Ya riƙa shan ruwa kaɗan kaɗan, kada a jira ƙishirwa. A yi tafiya kaɗan, a zauna a huta. Idan ya yi zufa, kada a watsa masa ruwan sanyi. Idan ya ce ya gaji, a yarda da shi. Idan gaɓa ta fara ciwo, a ba shi ruwa da maganinsa, a lulluɓe wurin da zane mai ɗumi, kada a sa ƙanƙara, a kama hanyar gida.

Ga alamun da ke sa a nufi gidan likita nan take: zazzaɓi, ciwon ƙirji ko wahalar numfashi, tafin hannu da cikin ido sun yi fari fat, ciki ya kumbura ta gefen hagu, hannu ko ƙafa ta mutu, ko baki ya karkace, ciwon da magani bai kwantar ba. Wanda ya tashi da zazzaɓi kuwa, ranar nan ba kallo. Kokowa na dawowa baɗi.

Wannan shiri na amfanar mai ciwon suga, da mai fuka, da mai farfaɗiya, da tsoho mai hawan jini. Kowane sai lokotoro ya faɗi abin da ya dace da shi.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Faɗi abubuwa biyar da ke tada amosanin jini.
2. Don me za mu je wurin kallo kafin ranar taro?
3. Waɗanne alamu ke sa a nufi gidan likita nan take?
4. Kowa ya rubuta wasiƙar neman sauƙi a littafinsa, ya karanta wa ƴan aji.

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.