Awon Matsin Ido da Cututtukan da ke Bin Iska

Jama'ar Batsari da Safana, ku sani hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilakoma, ba ya sallama. A hankali yake cin jijiyar gani, galibi ba zafi ba ja, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Binciken makanta da aka yi a faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna daga yanar ido sai shi wajen makantar da mutane. Gano shi da wuri yana farawa ne da auna matsin ruwan cikin ido, wanda ga mai lafiya yakan tsaya tsakanin 10 da 21.

Awon yana da nasa haɗari. Akwai na'urar da ke hura wa ido iska ba tare da ta taɓa shi ba, mutane kuma sun fi sakin jiki da ita. Amma tun 1991 masu bincike a Amurka suka ɗauki hoton yadda hucin nan ke tarwatsa hawaye ya zama feshi mai yawo a iska. Wadda ke taɓa ƙwayar ido bayan an ɗiga magani kuwa, in ba a goge bakinta ba, takan kwashi jan ido irin su Afolo daga wannan ta kai wa wancan. Abin da ya fi duka nauyi, a ganina, shi ne kusanci, domin likita da majinyaci numfashi ɗaya suke shaƙa. Li Wenliang, likitan idon birnin Wuhan da korona ta kashe ranar 7 ga Fabrairu 2020, an danganta kamuwarsa da wata mai gilakoma da ya duba.

Wani zai ce, to ashe zama gida ya fi. Ko kusa. Jan ido yakan warke, makantar gilakoma kuwa ta zauna ke nan. Wani kuma zai ce asibitocin karkara ba su da kayan zamani. Gaskiya ne, sai dai buɗe taga ba ya cin ko kwabo. A ranar aikin ido kyauta, lokacin da dattawa ke tururuwa daga ƙauyuka, a jira a inuwa a waje, a riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya. Mai tari, ko zazzaɓi, ko jan ido ya faɗa tun daga bakin ƙofa, a ba shi takunkumi ko a ɗage masa awon. Ma'aikaci ya wanke hannu, ya goge na'ura da maganin kashe ƙwayoyin cuta tsakanin mutum da mutum, a kuma rage hira sa'ad da fuska ke kusa da fuska. Wanda ya haura shekara 40, ko akwai mai gilakoma a danginsa, ya je Katsina a auna shi ko da yana gani garau.