Wasiƙa Ga Matasan Wurogauri Kan Kujerar Da Ba Ta Da Alawus



Mai wannan wasiƙa dattijo ne, kuma abin da ya sa shi ɗaukar alƙalami ɗan ƙanensa ne, magidanci mai 'ya'ya a firamare. Iyayen yara sun nemi yaron ya tsaya a zaɓe shi wakilinsu a kwamitin kula da makaranta, wanda aka fi sani da SBMC. Tambayarsa ta farko ita ce nawa ake biya. Da aka ce masa aikin sa-kai ne, sai ya ce shi kujerar kansila yake hange. Yanzu yini yake yi a ayarin 'yan siyasa tsakanin Kalgo da Birnin Kebbi, da dare kuma ya hau Facebook yana kukan lalacewar ilimi. Ba shi kaɗai ba ne, shi ya sa wasiƙar ta zama ta kowa.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta. Bayanta aka amince kowace makaranta ta sami kwamitin mutanen gari: hedimasta, wakilin malamai, na maigari, na iyaye, na mata, malamin addini, tsohon ɗalibi, har da ɗaliban kansu. Ba kwamitin ke ɗaukar malami ko biyansa albashi ba, wannan aikin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) ne da sashen ilimi na ƙaramar hukuma. Amma ɗan kwamiti ne ke iya leƙa aji da hantsi ya ga ko malam ya zo. Shi ke zuwa zauren uban da ya janye ɗansa zuwa fadamar shinkafa, ko gidan da aka ɗora wa yarinya farantin talla, ya zauna a kan tabarma a yi magana ta mutunci. Jami'in da ke zuwa daga hedikwata jefi-jefi bai san waɗannan gidajen ba.

Dattijon nan yana tuna 1976, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta buɗe shirin UPE na ilimin firamare kyauta. Iyaye da yawa sun yi ɗari-ɗari da boko, gaskiya ne, amma inda aka karɓe ta, da aikin gayya aka riƙe ta. Maza su kwaɓa ƙasa su tayar da bango, a nema wa baƙon malami ɗaki, a aika masa da tuwo. Abin da ke ci wa dattijon rai shi ne yadda sannu a hankali aka koma cewa "makarantar gwamnati". Daga ranar, iska ta yaye kwano sai a jira gwamnati, akuya ta kwana a aji sai a jira gwamnati. Haba! A ƙasar Malam Abdullahi na Gwandu, wanda ya zauna ya rubuta littafi guda don kawai ya ambaci malaman da ya yi karatu wurinsu? A daular da Nana Asma'u ta riƙa tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata ba da albashi ba? Wanda ya gaji wannan bai kamata ya fara da tambayar alawus ba.

Akwai kuma batun amana. Kebbi na cikin jihohi 7 da aka fara shirin AGILE na Bankin Duniya da su, don karatun 'yan mata, kuma a irin waɗannan shirye-shirye ta hannun kwamitin makaranta ake bi da kuɗin gyara. Idan masu tsoron Allah suka ƙi kujerar, ba za ta zauna wayam ba. Wanda zai hau shi ne mai sayen buhun siminti biyar ya rubuta goma. Haka kuma, tun harin da aka kai kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, maganar katanga da mai gadi da sa ido kan baƙuwar fuska ta zama ta iyaye kafin ta zama ta kowa.

Ga jami'ar tarayya nan a Kalgo, wadda aka kafa a 2013. Yaron da ya kai aji shida bai iya karanta sunansa ba, daga bakin titi zai riƙa ganin ƙofarta, ko da ubansa ya zama kansila.

Don haka roƙon dattijon ga 'ya'yansa matasa shi ne su je wurin hedimasta su tambayi lokacin da za a sabunta kwamiti, su ba da sunayensu. Wanda aka zaɓa ya riƙa halartar taro, ya nemi a karanta lissafin kuɗi a gaban jama'a, ya bar matarsa ta shiga ƙungiyar iyaye mata. Wanda bai samu ba ya zo ranar gayya da fatanyarsa.

Allah ya yi muku albarka, ya shirya mana zuriya. Wassalam.