An Sa Maka Sabuwar Gaɓa? Tsaya Ka Karanta

Jama'a, a saurara. Duk wanda aka yi wa aiki aka sa masa gwiwa ko kwatangwalo na ƙarfe da roba, ko saboda tsufa, ko haɗari, ko ciwon sikila, wannan magana tasa ce. A cikin mutum 100 da aka yi wa irin wannan aiki, akan sami 1 ko 2 da ƙwayoyin cuta suke shiga gaɓar. Wani tun a makonnin farko. Wani sai bayan shekaru, cutar ta biyo jini daga ruɓaɓɓen haƙori, ko maruru, ko ciwon fitsari.

Yaya za ka gane? Zafin da ya kwanta ya dawo. Wurin ya kumbura, ya yi ɗumi. Ɗinkin yana tsatsar ruwa ko mugunya. Zazzaɓi kan zo, amma ba kullum ba, don haka kada ka zauna jiran sa. Koma wurin likitan da ya yi maka aiki a ranar, ba gobe ba.

Me ya sa gaggawa? Ƙarfe ba shi da jini. Ƙwayoyin cuta sukan manne a jikinsa su yi yauƙi su ɓuya a ciki, magani kaɗai ba ya cim musu. In ka zo da wuri, sau da yawa likita zai buɗe ya wanke wurin, ya canja robar, ya bar maka ƙarfenka. In ka yi jinkiri, sai an cire gaɓar ɗungum. A cike gurbin da wani irin siminti mai magani, ka yi kamar mako 6 kana karɓar magani, galibi ta allura, sa'an nan a sake wani aikin a sa sabuwa. Aiki biyu ke nan, kuɗi biyu, ga watanni kana dogara sanda.

Kada ka biya kemis ka sayi kafso kafin ka zo. Likita zai zuƙi ruwan gaɓar da allura don a gane irin ƙwayar cutar, kafson kuwa yakan ɓoye ta a rasa maganin da ya dace. Ban da sakiya, ban da ƙaho, ban da shafa magani na gida a kan ɗinki.

To, an sallame ka. Maganin yakan kai wata 3, wani lokaci ya fi. Zafi ya tafi ba shi ne cuta ta mutu ba. Shanye shi duka, kan lokaci. Akwai wanda yake mai da fitsari ja, wannan ba komai. Amma zawo mai yawa, ko ƙuraje, ko idanu su yi rawaya, maza ka faɗa wa likita. Mai ciwon sukari ya kula da sukarinsa. Mai shan taba ya bari, tana hana miki warkewa. Ka ci wake, ƙwai, kifi ko nama gwargwadon hali, ka riƙa motsa ƙafar yadda aka koya maka.

Ranar dawowa awon jini, zo da katinka da ragowar magungunanka.