Matsalar Ƙin Tashin Wasannin Kwamfuta a Cikin Killatacciyar Manhaja: Nazari a kan Flatpak da Steam

1.0 Gabatarwa

Daga cikin ƙorafe-ƙorafen da masu amfani da tsarin Linux suka fi yi, akwai na wasan da aka sauko da shi lafiya, aka danna maɓallin farawa, ya yi kamar zai tashi, sa'an nan ya koma ya yi shiru ba tare da wani bayani ba. Wannan maƙala za ta yi nazarin matsalar a inda ta fi yawaita, watau a manhajar Steam idan an girka ta ta hanyar Flatpak. Manufar ita ce a nuna cewa sau da yawa wasan lafiyarsa lau, shingen da aka kewaye shi da shi ne ya tare masa hanya, kuma maganin shi ne a gano ƙofa guda da ta rufe a buɗe ta, a bar sauran shingen a tsaye.

2.0 Ma'anar Killacewa da Asalinta

Abin da ake nufi da killacewa a nan shi ne a ɗaure manhaja da duk kayan aikinta a ƙunshi guda, a kuma gudanar da ita cikin wani keɓaɓɓen fili, inda ba ta ganin fayilolin kwamfuta ko na'urorinta sai abin da aka ba ta izini. Alexander Larsson ne ya ƙirƙiro Flatpak, wadda da farko ake kira xdg-app, kafin a sauya mata suna a shekarar 2016. Kamfanin Canonical kuma yana da irin nasa tsarin mai suna Snap. Ita kuwa Steam, kasuwar wasanni ce ta kamfanin Valve, ta iso Linux a 2013, kuma a 2018 aka ƙara mata Proton, wanda ke ba wasannin Windows damar gudana a kan Linux. Ya kamata a lura cewa ƙunshin Steam da ke rumbun Flathub masu sa kai ne ke kula da shi, Valve ba ta ɗauki nauyinsa ba.

Amfanin shingen ya fito fili a wani abu da ya auku a watan Janairu na 2015. A lokacin an gano wani kuskure a rubutun da ke tayar da Steam, wanda a wani yanayi yakan share duk fayilolin da mai kwamfuta ya mallaka, har da na faifan ajiya da ke haɗe da ita. Da manhajar a killace take, da ɓarnar ta tsaya ga abin da aka ba ta izinin taɓawa kurum.

3.0 Dalilan Ƙin Tashi

3.1 Rashin ganin ma'ajiya. Steam ta Flatpak tana ɗaukar jakar ~/.var/app/com.valvesoftware.Steam a matsayin gidanta. Saboda haka idan wasannin suna kan faifai na biyu, a wurinta tamkar babu su. Ana warware wannan da umarnin flatpak override --user --filesystem= a bi shi da adireshin jakar wasannin da sunan ƙunshin, ko kuwa a yi amfani da manhajar Flatseal, wadda ke nuna izinoni a jere. Har wa yau, faifan da aka tsara da NTFS na Windows yakan ba Proton wahala ko da an ba da izini, domin Proton yana ƙirƙirar sunaye da mahaɗan fayil irin na Linux.

3.2 Saɓanin direban katin hoto. Direban NVIDIA kashi biyu ne: kashi ɗaya yana zaune a cikin zuciyar tsarin kwamfuta, ɗayan kuwa Flatpak ke sauko da shi cikin shinge. Wajibi ne lambar su biyun ta zo daidai. Idan aka sabunta na waje aka manta da na ciki, wasan da ya yi aiki jiya sai ya ƙi tashi yau. Maganinsa shi ne umarnin flatpak update, sa'an nan a sake kunna kwamfuta. Masu katin AMD ko Intel ba su cika gamuwa da wannan ba, domin direbobinsu na Mesa ba su da irin wannan tsauraran sharaɗi.

3.3 Rashin kayan tsofaffin wasanni. Wasanni da dama, musamman na da, an gina su ne bisa tsarin bit 32, alhali kwamfutocin yau na bit 64 ne. Irin waɗannan suna bukatar ƙarin ƙunshi kamar org.freedesktop.Platform.GL32, kuma kasancewar makamancinsa a wajen shinge ba ya amfana musu kome.

3.4 Shinge cikin shinge. Sababbin nau'o'in Proton suna gudana ne a cikin wani fili nasu na dabam da Valve ta tanada. Ke nan ana bukatar a gina ɗaki a cikin ɗaki. Sai a Flatpak 1.12, wadda ta fito a 2021, aka kyautata wannan dama. Wanda ke riƙe da tsohuwar Flatpak zai tarar wasu wasannin Linux na asali suna tashi, na Windows kuwa suna ƙi.

3.5 Na'urar wasa ta hannu. Wani lokaci wasa yakan tashi amma ya kasa ganin abin sarrafa shi. Ƙa'idojin da ke ba da damar taɓa irin wannan na'ura a wajen shinge suke, don haka a can ake girka su, galibi da ƙunshi mai suna steam-devices.

4.0 Matakan Bincike

Mai bincike ba ya fara da canje-canje, da sauraro yake farawa. Mataki na farko shi ne a tayar da manhajar daga tagar umarni da flatpak run com.valvesoftware.Steam, domin saƙonnin kuskuren da ba a gani a allo a nan suke fitowa. Na biyu, idan wasan na Windows ne, a rubuta PROTON_LOG=1 %command% a gurbin zaɓin farawa, sai a sami rahoton aikinsa a jakar gidan da aka ambata a sama. Na uku, a duba izinonin da ake da su da flatpak info --show-permissions. Na huɗu, a gwada wani wasa dabam: idan duka sun ƙi, zargi ya koma kan direba ko shinge, idan kuwa guda ne ya ƙi, to a nemi laifin a wurinsa. Alal misali, wasu wasannin intanet suna da manhajar hana maguɗi da ba ta yarda da Linux sam, kuma babu izinin da zai gyara wannan. Na biyar, a sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji, a rubuta shi. Idan gyare-gyare suka cakuɗe, flatpak override --user --reset, idan aka bi shi da sunan ƙunshin, yana mayar da izinoni yadda suke tun asali.

Akwai wata gajeriyar hanya da gajiyayyu kan bi, watau su ba manhajar izinin --filesystem=host, wanda ke buɗe mata kusan dukkan ma'ajiyar kwamfuta. Lalle wasan yana iya tashi, amma daga ranar duk wani wasa ko ƙarin da aka sauko da shi zai iya kaiwa ga takardu da hotuna da kundin binciken mai kwamfutar. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

5.0 Kammalawa

An ga cewa ƙin tashin wasa a killatacciyar manhaja yana da sanannun dalilai, kuma kowane dalili yana da alamarsa da maganinsa. Wanda ya karanta saƙon kuskure kafin ya taɓa izini, ya kuma buɗe jakar wasanni kaɗai, zai sami wasansa ba tare da ya jefa sauran kayansa cikin haɗari ba. Idan kuwa an bi matakan nan duka abin ya faskara, sai a gwada ƙunshin Steam na asali wanda ba a killace ba. Tashin wasan a can shaida ce cewa matsalar ta shinge ce, kuma ita ce hujjar da za a kai wa masu kula da ƙunshin domin su gyara wa kowa.