Ina tuƙi a cikin gari, amma hanyar Zariya ta gagare ni

Zuwa ga Anti: Ni malamar makaranta ce a Kano, kuma na daɗe ina tuƙa motata a cikin gari. Cunkoson Kantin Kwari da 'yan adaidaita sahu ba sa ɗaga mini hankali. Amma bara, muna dawowa daga Zariya ni da maigidana, muka tarar da haɗari wajen Kwanar Dangora, tirela ta danne wata ƙaramar mota. Abin da idona ya gani ba ya faɗuwa. Tun daga ranar, da zarar na wuce gadar Na'ibawa na ga hanya ta miƙe, sai gabana ya hau faɗuwa, tafin hannuna ya jiƙe, numfashina ya sarƙe, in ji kamar zan suma a kan sitiyari. Akwai ranar da na faka tun kafin Kura, na juyo gida ina kuka. Mahaifiyata tana Zariya ba ta da lafiya, ga mota a ƙofar gida, amma sai na jira ranar da maigida ya samu sarari. Shi cewa yake in yi addu'a in cire tsoro, wata ƙawata kuma ta ce ko shafar aljanu ce. Addu'a ina yi, Anti. Yaya zan yi?

Ƙanwarki daga Kano

Ƙanwata, Allah ya ba Mama lafiya, ya tsare mu da mugun gani.

Ki kwantar da hankalinki, likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan abu sarai, kuma ana rabuwa da shi. Ranar da kika ga haɗarin nan, ƙwaƙwalwarki ta ɗaure hanyar da mutuwa wuri guda. Yanzu da kin hau hanyar sai jiki ya saki sinadarin adiranalin, wanda aikinsa shi ne shirya mutum ya gudu ko ya kare kansa. Shi ke sa zuciya ta buga da sauri, gumi ya keto, numfashi ya gajarce. Jirin da kike ji kuwa yawanci daga saurin numfashin yake. Irin wannan firgici yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10, sannan ya fara sauka da kansa, ko an yi wani abu ko ba a yi ba.

Nan ne matsalar take. Ranar da kika juyo kafin Kura kin ji sanyi a ranki, kuma wannan sanyin ne ya koya wa jikinki cewa gudun ne ya cece ki. Duk juyawar da kika yi, da duk ranar da kika bar wa maigida tuƙin, ƙara wa tsoron ƙarfi suke yi, domin ba ki taɓa tsayawa har kin ga ya sauka da kansa ba. Ban faɗi haka don in ga laifinki ba, kowa a matsayinki abin da zai yi ke nan. Na faɗa ne don ki gane cewa maganin yana kan hanyar da kike gudu, sai dai ba rana ɗaya za ki sha shi ba.

Ki yanka hanyar gunduwa-gunduwa. Ki zaɓi safiyar da motoci ba su yi yawa ba, gari ya waye tangaran, ki ɗauki mutum ɗaya mai sanyin hali. Idan maigida mai yawan “taka mana” ne ko mai kai hannu kan sitiyari, ki nemi malamin makarantar koyon tuƙi, ki gaya masa gaskiyar abin da ke damunki. Ki fara da Na'ibawa zuwa Tamburawa ki dawo. Ki maimaita wannan a ranaku daban-daban har ya zama ba ya tayar miki da komai, sannan ki ƙara zuwa Kura. Kwanar Dangora ita ce za ta fi miki wuya, don haka ki fara wucewa ta wurin wani na tuƙi, idonki a buɗe, kafin ki wuce da kanki. Daga nan Tashar Yari, daga nan Kwangila. Kada ki bar tazara mai tsawo tsakanin fita da fita, gara gajeriyar tafiya sau da yawa a mako da doguwa sau ɗaya a wata.

Idan firgicin ya taso kina tafe, kada ki danna birki a tsakiyar titi. Ki sassauta totur, ki ja numfashi ta hanci, ki fitar a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo. In ya zama dole ki tsaya, ki ba da sigina, ki sauka gefen titi sosai inda ake hango ki daga nesa, ba a kwana ba. Ki jira ya lafa, sannan ki ci gaba ko da kilomita biyu ne kafin ki juya. Wannan ɗan ci gaban shi ne dukan darasin.

Amma ba zan ce miki duk tsoron nan na banza ba ne. Hanyoyinmu suna da tireloli masu mutuwar birki, da masu bin hannun da ba nasu ba, da kasuwannin da suka cinye gefen titi irin ta tumatir a Kwanar Gafan. Wannan ɓangaren na tsoro hankali ne, kuma shiri ne amsarsa. Iyakar gudun ƙaramar mota a tagwayen hanya a dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kilomita 100 ne a awa, kuma iyaka ce, ba wanda ya wajabta miki kai ta. Ki riƙe hannun dama a kan 70 ko 80, mai sauri ya wuce ta hagu, ya yi ta hon idan ya ga dama. Mota mai gudun 100 tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, shi ya sa nake so ki bar aƙalla daƙiƙa uku tsakaninki da ta gabanki. Kada ki jera da tirela kafaɗa da kafaɗa, kuma in ba kya ganin madubin direbanta, shi ma ba ya ganinki. Ki sa bakanike ya duba birki da tayoyi. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, ki sa ya nuna miki. Ki ajiye lambar hukumar ta gaggawa, 122, a wayarki. Tafiyar dare kuwa ki bar ta gaba ɗaya a yanzu.

Addu'ar tafiya ki riƙe ta, tana sanya natsuwa, kuma ba ta hana neman magani. Abin da nake roƙonki ki guje wa shi ne ƙwayar kwantar da hankali daga kemis, irin su diyazefam. Suna sa barci da nauyin jiki, suna rage saurin taka birki, kuma suna kama mutum.

Akwai abu ɗaya da wasiƙarki ba ta faɗa ba, ina so ki tambayi kanki. Shin haɗarin yana dawo miki a mafarki, ko hotonsa ya faɗo miki kina tsaka da aiki? Barcinki ya lalace? Idan haka ne, ko kuma kin yi makonni kina wannan atisaye ba sauƙi, ki je sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitin Dawanau, ki nemi ganin masanin halayyar ɗan Adam. Suna da hanyar magani ta zama da tattaunawa da aka tsara don irin wannan. Ki kuma sa a auna jininki da hawan jini da maƙoƙo, domin ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo su ma suna sa bugun zuciya da jiri.

Ki nuna wa maigida wannan amsa. Malam, taimakon da take buƙata a wurinka shi ne ka zauna a gefenta ka yi shiru, ka bar ta ta tafi a gudun da ta zaɓa, kuma kada ka karɓi makullin sai ita ta miƙo maka. Kafin ta kai ga iya zuwa da kanta, ka ware rana a kowane mako ka kai ta ta ga mahaifiyarta.