Darasi: Bargon Harriet Powers da Tarihin da ke Cikinsa

'Yar'uwa, a darasinmu na wannan fitowa za mu leƙa Amurka ne, mu ga yadda wata baiwar Allah ta adana tarihi da allura da zare.

Sunanta Harriet Powers. An haife ta cikin bauta a jihar Jojiya a 1837, ta rasu a 1910. Aikinta shi ne ɗinkin bargo irin na haɗe-haɗen ƙyallaye. Sai ta yanka ƙyalle a siffar mutum ko dabba ko tauraro, ta ɗinka shi a kan wani, kowane gida na bargon da labarinsa. Masana na kamanta salon da irin ɗinkin mutanen Dahome, wato Jamhuriyar Benin ta yau.

A 1886 ta kai bargonta mai gida 11 wajen wani baje koli a garin Atens na Jojiya. Wata malamar zane, Jennie Smith, ta taya, Harriet ta ce ba na sayarwa ba ne. Bayan 'yan shekaru babu ta matsa wa gidanta, ta kawo shi da kanta a keken shanu tana neman dala 10. Dala 5 aka ba ta, ta karɓa, ba don ranta ya so ba.

To, nan ne wurin lura. Kafin ta rabu da shi sai da ta bi gida-gida tana bayyana ma'anarsa, Jennie kuma ta rubuta. Ba don haka ba, da yanzu sai dai a yi ta kirdado. Wannan bargo yana gidan tarihin Smithsonian a Washinton.

Na biyun, mai gida 15, yana gidan adana zane-zane na Boston. Ban da ƙissoshin Baibul, kasancewarta Kirista, ta ɗinka ranar 19 ga Mayu 1780 da gari ya yi duhu da rana tsaka a arewa maso gabashin Amurka, da daren 13 ga Nuwamba 1833 da mutane suka ga kamar taurari na zubowa, har suka ɗauka tashin duniya ne. Ki duba shekarun, duka biyun kafin a haife ta ne. A bakin manya ta ji su.

An daɗe ana cewa ba ta iya karatu ba, sai a 2009 aka gano wata wasiƙarta ta 1896, inda ta faɗi yadda ta koyi karatu, ta kuma ambaci wasu barguna da ta ɗinka. Biyun nan kaɗai aka san inda suke.